Ɗan Ƙarfen Da Ya Rage A Kan Buhu

Da hantsin wata Asabar na shimfiɗa tsohon buhun taki a tsakar gidanmu da ke Tudun Jukun a Zariya, na kafe babur ɗina a kan ƙafarsa ta tsakiya, na ce yau da hannuna zan cire tayar baya. An kwana biyu ina jin ta tana rawa. In na sha kwana sai bayan babur ɗin ya riƙa kaɗawa kamar wutsiyar tarwaɗa, da na kama tayar da hannu biyu na girgiza kuwa, sai ta amsa mini ƙwas-ƙwas. Ko ban taɓa zaman gareji ba, na san boris ne ya mutu.

Boxer ne, shekara shida ke nan yana kai ni makarantar da nake koyar da lissafi yana dawo da ni. A da ko noti ne ya saki, wajen bakanike nake nufa. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, albashin malamin makaranta sai an yi masa dabara kafin ya ga ƙarshen wata, duk abin da hannu zai iya kuwa sai mutum ya gwada. Na sayo boris biyu da 'yar robar giris a Sabon Gari, na aro babbar sifana wajen maƙwabcina, na kira ɗana mai shekara 12 ya zama yaron shago.

Na fara da notin da ke ƙarshen sandar birki, na zare shi tare da waya mai tsalle da ke bayansa. Daga nan na koma kan ƙarfen da ke riƙe farantin birki don kada ya juya tare da taya. A bakin notinsa akwai wata ƙusa, irin ta kafinta, an zura ta a rami an lanƙwasa kanta, ta yi tsatsa. Na miƙar da ita da filaya a hankali na ajiye ta a kan buhu. Sai babban noti, wanda sai da na taka sifanar da ƙafa kafin ya motsa. Na ɗora guntun itace a bakin sandar da ta ratsa tsakiyar wili ina bugawa da guduma, don kada bakin ya baje noti ya ƙi komawa. Sandar ta fita, wilin ya saki robobin da ke haɗa shi da gefen sarƙa, yaron ya karkata babur ɗin, na mirgino tayar waje. Daɗin da na ji a lokacin nan ba kaɗan ba ne. Shekara shida ina hawan abin, ranar na fara ganin cikinsa.

Fitar da tsohon boris ya fi ba ni wuya. Na zura dogon ƙarfe ta wancan gefe ina bugawa kewaye da kewaye har ya faɗo, na juya wilin na fitar da ɗan uwansa. Na goge ramin, na shafa giris, na buga sababbin suka zauna daram. Kafin kiran Azahar taya ta koma wurinta, komai ya ɗauru, ƙusar nan ma na mayar da ita na lanƙwasa kamar yadda na same ta. Na kaɗa tayar da hannu, ta yi ta juyawa lumui babu ƙara.

Muna naɗe buhu yaron ya sunkuya gindin turmi ya ɗauko wani abu. “Baba, wannan fa?”

Ɗan bututun ƙarfe ne, tsawonsa bai fi yatsa ba. Ba shi da haƙoran ɗaura noti, ba shi da maƙali, ba shi da komai. Na juya shi a hannu na gane daga cikin wilin ya faɗo sa'ad da boris na farko ya fita, ya gangara ban lura ba. Na kuma gane cewa in zan mayar da shi sai na sake kwance duk abin da na ɗaura, in buge sabon boris guda, wataƙila ma in lalata shi wajen fitarwa. Na sake kaɗa tayar. Na ce wa yaron, “Ai ga ta tana juyawa. Wannan a sake yake a ciki, ba abin da yake riƙewa.” Na jefa shi cikin 'yar akwatin sifanu ta babur na tafi alwala.

Kwana tara na yi ina hawa lafiya lau. A rana ta goma, ina dawowa daga aiki, wajen Kwangila na fara jin gurnani daga baya. Na tsaya na kai hannu tsakiyar wilin, zafi ya sa na janye ba shiri. Da turi na ƙarasa rumfar wani dattijon bakanike. Yaransa suka cire tayar cikin abin da bai kai minti biyar ba, shi kuwa ya leƙa ramin, ya zura yatsa, ya ɗago ya dube ni. “Malam, ina ƙarfen ciki?” Na buɗe akwati na miƙa masa.

Bai yi mini dariya ba. Ya ɗauki mataccen boris ɗin ya nuna mini: zobe biyu ne, na waje da na ciki, da 'yan ƙwallaye a tsakani. Na waje yana manne da wili yana juyawa tare da shi, na ciki yana zaune a kan sanda. In aka ɗaure babban noti, ƙarfin ɗaurin yana bi ta zoben ciki na wannan gefe, ya ratsa ta bututun nan, ya isa zoben ciki na wancan gefe. In babu bututun, zobban biyu sai su matso juna, matsin duk ya faɗa a kan ƙwallaye ta gefen da ba a yi su don ɗauka ba. Ya ce, “Shi wannan, Malam, ba ya juyawa, ba ya ƙara, ba mai ganinsa. Aikinsa ya tsaya a tsakani ya hana a murƙushe 'yan uwansa.” Garin neman gira na rasa ido: na sayi boris karo na biyu, na biya kuɗin aikin da na gudu. Na kuma gode wa Allah da abin bai ƙwace mini ina gudu a tsakiyar manyan motoci ba.

Da ya zo kan ƙusar sai ya zare ta ya wurgar. Ya ce wannan ba ta kamfani ba ce, wani ne ya ɓatar da fin ɗin asali ya maye gurbinsa da abin da ya samu a ƙasa. Ya sa yaro ya kawo sabon fin mai baki biyu ya saka.

A hanyar gida abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Abu biyu na tarar waɗanda ban san hikimarsu ba. Wanda maƙerin babur ya sa da ilimi na yar, wanda wani ya ƙirƙira a bakin titi na lallaɓa na mayar. Kuma duka biyun na yi su ina ganin hankali nake bi.

Makonni kaɗan kafin wannan, yaron nan ya yi mini wata tambaya muna fitowa daga masallaci. Ya ce me ya sa Magariba raka'a uku ce, Isha'i huɗu, Asuba biyu? Na daka masa tsawa na ce ba a irin wannan tambayar. Ya yi shiru, bai ƙara ba. A daren da na dawo daga Kwangila na tuna, na ji nauyi, domin tambayarsa ta masallaci da tambayarsa ta gindin turmi iri ɗaya ce, kuma sau biyu na cuce shi. Na farko na toshe masa baki, na biyu na ba shi amsar da na ƙaga don in huta.

Malamanmu ba su gudu daga wannan tambaya ba. A karatun zaure, in an zo kan wasu hukunce-hukunce, za ka ji malam ya ce wannan ta'abbudi ne, wato abin da ake yi don an umarta ko da ba a gano dalilinsa ba. Akwai kuma waɗanda hikimarsu a fili take, kamar haramcin giya ko wajabcin zakka, wanda ko yaro ya ga abin da maye ke yi wa mutum ko yunwa ke yi wa gida ya gane. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, kare ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwaryar ruwa ana wanke ta sau bakwai, malaman mazhabar kuma suka ce wankin nan ta'abbudi ne. Ba su ji kunyar faɗin haka ba, ba su kuma ƙago dalilin da ba su da shi ba. Imam Shaɗibi, malamin Garnaɗa a Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya shimfiɗa ƙa'idar a littafinsa Muwafaƙat: a sha'anin ibada tushe shi ne bin umarni, a sha'anin mu'amala tsakanin mutane kuwa tushe shi ne duba ma'ana da maslaha. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505, ya taɓo ainihin tambayar ɗana a cikin Almunƙizu Minad Dalal. Ya kwatanta ibadu da magungunan da aka haɗa da awo daban-daban, ya kawo misalin sujada da ta ninka ruku'u da Asuba da take rabin La'asar, ya nuna cewa kamar yadda majiyyaci ke karɓar awon magani daga likita, haka ake karɓar awon ibada daga annabawa.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na Sayyadina Umar da sassarfar ɗawafi. A Umarar ramuwa, shekara ta 7 bayan Hijira, mushirikan Makka sun yi ta cewa zazzaɓin Madina ya karya Musulmi, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su yi sassarfa a zagaye uku na farko don a ga ƙarfinsu. Shekaru suka wuce, Makka ta zama ta Musulunci, babu sauran mushirikin da za a nuna wa ƙarfi. Umar da bakinsa ya tambayi amfanin ci gaba da ita, sannan ya ba kansa amsa cewa abin da Annabi ya yi ba zai so a bar shi ba. Ga mutum yana riƙe da ɗan ƙarfe a hannu, yana ganin kamar aikinsa ya ƙare, ya yi tambayar a fili ba tsoro, ya kuma mayar da shi wurinsa. Har yau alhazai maza suna wannan sassarfa.

Ni malamin lissafi ne, rayuwata duk a kan “nuna yadda ka samo amsa” take, kuma ba na jin daɗin a ce mini yi kawai. Shi ya sa na tsaya na binciki abin da ya faru a zuciyata ranar Asabar ɗin nan. Da na ce bututun ba shi da amfani, me na sani a kansa? Ban san komai ba. Abin da na sani shi ne ni ban ga amfaninsa ba, wannan kuwa labari ne a kaina, bai shafi ƙarfen ba. Na ɗauki iyakar sanina na mayar da ita iyakar gaskiya. Sannan akwai abin da ya fi wannan muni. Da a ce yaron ya tsinto shi tun kafin in buga sababbin boris, da na saka shi ba gardama, ko na san aikinsa ko ban sani ba. Sai da mayar da shi ya zama wahala, rana ta take, yunwa ta kama ni, sannan hujjoji suka zo mini a guje. Ina jin da yawa daga cikin abubuwan da muke cewa hankalinmu bai karɓa ba a addini haka suke. Ba kasafai za ka ji mutum yana neman hikimar cin naman layya ba. Hikimar tashi sallar Asuba cikin sanyin hunturu, ko ta barin ribar da ta zo da sauƙi, ita ake nema da ƙarfi.

Kuma tayar ta juya. Wannan ne ya yaudare ni, kwana tara cur tana ba ni shaidar cewa ina da gaskiya, alhali a ciki ƙwallaye suna cin juna. Mutum yakan sauke wani abu daga addininsa ya duba hagu da dama ya ga kasuwa na ci, yara lafiya, barci na zuwa, ya ce ashe dama ba komai.

To amma in na tsaya a nan na yi rabin magana, domin akwai ƙusa. Da wani zai ɗauki darasin bututu shi kaɗai, sai ya ce duk abin da ka tarar ka mayar yadda yake, kada ka tambaya. Ai kuwa haka na yi da ƙusar, kuma kuskure ne. Alƙur'ani ya zargi mutanen da ba su da hujja sai cewa haka suka tarar da iyayensu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Ihya'us Sunna a kan wannan rarrabewar, babi bayan babi yana nuna abin da yake sunna da abin da mutane suka ƙara. Abin da ke cikin wili ba duka ne daga maƙera ba, haka abin da ke cikin gidajenmu da sunan addini.

Misali na kusa da mu a nan Zariya shi ne wankan jego. Kakanninmu sun riƙe shi kamar farilla: ruwa mai tsananin zafi safe da yamma har kwana arba'in, kunun kanwa, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Tun shekarun 1970 likitoci a garin nan suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da yawan kanwar da zafin. Babu ayar da ta ce a yi, babu hadisi. Ƙusa ce. Sai dai na lura da abin da dattijon nan ya yi: da ya zare ƙusar bai bar ramin haka ba, domin ita ma, duk da tsatsarta, tana hana noti warwarewa. Al'adar jego ma tana riƙe da wani abu mai daraja, wato kwana arba'in da mace ke samun hutu, da tsohuwa a kusa da ita, da abinci mai kyau, da masu ɗebe mata kewa. Na ga gidajen da aka watsar da al'adar gaba ɗaya da sunan wayewa ko da sunan sunna, aka bar yarinya ita kaɗai da jariri da tukunya kwana uku da haihuwa. An zare ƙusa ba a sa fin ba. Masu gyara da yawa a cikinmu sun iya zarewa, sakawar ce ba su tsaya koya ba.

Ashe tambayar da ta kamace ni a gindin turmi ita ce wa ya sa wannan a nan, tun kafin in kai ga mene ne amfaninsa. In maƙerin ne, in mayar ko ban gane ba, in ci gaba da neman ganewa. In wani ne ya ƙara, in duba me yake riƙewa, in ga ko akwai abin da ya fi shi. A nan hankali yake da babban aiki, ba a kuma sallame shi ba: shi zai bincika ingancin abin da aka ce daga Allah da Manzonsa yake, shi zai auna amanar wanda ya kawo labarin. Malaman hadisi da suka yi tafiyar watanni don tantance ruwaya guda wannan aikin suka yi. Ni kuwa ido na bai iya raba ƙarfen kamfani da na bakin titi ba, dattijon da ya shekara yana buɗe wili kallo ɗaya ya yi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma wanda ya karanta fassarar hadisi goma a waya ya fara zare abubuwa daga addinin mutane, ko ya fara ƙara musu, yana inda nake ranar Asabar da aron sifana.

Na san misalin nan yana da iyaka. Babur ya tona mini asiri cikin kwana goma, bakanike kuma ya bayyana mini hikimar har na gan ta da idona. Raka'o'in Magariba ba haka suke ba. Akwai ruwayar da ta kira ta wutirin yini, amma ko an faɗi haka yaro mai kaifin kai zai ce to me ya sa uku, ba ɗaya ko biyar ba, kuma babu rumfar da za a tura shi a buɗe masa ya gani. A nan imani da gaibu yake, kuma ba na son in yi kamar na rufe wannan tazara da guntun ƙarfe. Abin da babur ya koya mini ya fi haka ƙanƙanta: na ga da idona cewa abu yana iya zama dole alhali ni ban ga dalilinsa ba, kuma tabbacin da nake ji a raina ba hujja ba ne.

Abin da nake tsoro ga 'ya'yanmu shi ne amsoshin ƙage. Kullum ana turo mana saƙonni a WhatsApp cewa kimiyya ta gano sujada tana fitar da wata wutar lantarki daga jiki, ko adadin raka'o'i ya dace da kaza a jikin mutum. Masu turawa alheri suke nufi. Amma yaron da aka gina wa sallarsa a kan irin wannan, ranar da ya shiga jami'a ya gano maganar ba ta da tushe, zai zaci sallar ce ba ta da tushe. Gara a gaya masa gaskiya tun yana ƙarami.

Na kira ɗana bayan sallar Isha'i na ba shi haƙuri a kan tsawar da na yi masa. Na ce tambayarsa mai kyau ce, manyan malamai sun yi ta kafin shi. Na gaya masa cewa ban san dalilin uku ba, abin da na sani shi ne wanda ya koya mana ita haka, da yadda ta iso mana hannu da hannu, al'umma bayan al'umma, ba a taɓa samun saɓani a kan adadinta ba. Na kuma gaya masa cewa a kan bututu shi ne mai gaskiya da ya tambaya, ni ne na yi kuskure da na amsa ba da sani ba. Ya ce, “To Baba, in na sake ganin wani abu in faɗa?” Na ce ya faɗa, ko a babur ko a masallaci.

Ina roƙon iyaye da malaman Islamiyya, in yaro ya ɗago muku wani abu ya ce wannan fa, kada ku daka masa tsawa, kada kuma ku ƙaga masa amsa. In kun sani ku faɗa, in ba ku sani ba ku kama hannunsa ku je wajen wanda ya sani. Kai kuma ɗan uwa mai niyyar cire tayar babur ɗinka a gida, ka shimfiɗa buhu mai haske, ka jera duk abin da ka kwance bi da bi yadda ya fito, ka leƙa cikin wilin kafin ka buga boris na biyu. In ka gama ka ga ko ɗan ƙarfe ɗaya ya rage a kan buhun, kada ka hau.